Gurbin da Don Eleuterio Ya Riƙe

Shekarar da gwiwoyin tsohon masunci Don Eleuterio suka ƙi shi, jirgin ruwan da ke kai masunta tsibirin Masafuera ya tashi ba da shi ba. Ya tsaya a bakin gaɓa da sandarsa yana kallon ɗansa Nibaldo na loda tarkunan langosta, manyan jatan landen da duk tsibirinmu ke ci da su. Wanda ya tafi wancan tsibiri sai kamu ya ƙare yake dawowa, wata da watanni. Amma iyakar abin da tsohon ya ce wa ɗansa shi ne ya kula da inji.

Kowane masunci a nan yana da gurabensa na gado a teku, da duwatsun gaɓa ake gane su. Eleuterio ya ba Nibaldo duk nasa ban da guda, mafi albarka, wanda bai taɓa nuna wa kowa ba. A ganinsa, ranar da ya bayar da shi ya tashi daga masunci ke nan. Taurin kai ne tsagwaronsa, mu da muka san shi ba mu yi mamaki ba.

Sai labari ya zo cewa Nibaldo na jawo tarkuna fayau, ga matarsa da tsohon ciki. A satin ne kuma nas ta saurari ƙirjin tsohon, ta kawar da kai gefe. Ya gane ba lallai ya ga dawowar jirgi ba.

Hanyar magana da Masafuera ɗaya ce: rediyon oba-oba na ƙungiyar masu sha'awar rediyo, a bayan gidan burodin Doña Fresia, can kan tudu. Ya sa a ransa cewa 'yan ƙungiya suna da layinsu na sirri, inda zai faɗa wa Nibaldo gurbin ba wanda ya ji. Shi ya sa ya shiga ƙungiyar. Kwana biyu-biyu yana jan ƙafa ya hau tudun, ya zauna yana haki, ana koya masa lambar kira da yadda ake jiran layi. Yau ya haddace, gobe ta zube. Ya gaji da tudun, ya gaji da shuuu ɗin akwatin rediyon, ya gaji da kansa ma.

Ranar da aka yarda ya riƙe abin magana, ya ce, "Fresia, sa mini layin da ba kowa."

Ta ajiye tiren burodi. "Wane layi, tsoho?"

"Na 'yan ƙungiya mana."

"Kai, ka ji mini mutum! Wata nawa kana nan kana cinye mini burodi, ba ka gane ba? Duk mai akwati yana jin ka, har matan da ke girki. Kuma dokarmu ta hana magana a dunƙule."

Masunta na can da kunnuwa a buɗe, in ya faɗa gurbin ya zama na kowa. Ya dubi ƙofa, ya tuna tudun, ya san ba zai iya sake hawansa da wannan magana a cikinsa ba.

"Kira mini shi," ya ce.

Muryar Nibaldo ta fito can ƙasa-ƙasa. "Baba? Kai ne a rediyo? Lafiya?"

"Rufe baki ka saurara. In ka wuce tsagaggen dutse, ka bar ruwan da ke zubowa ta hagunka…"

"Baba, tsaya! Kar ka ƙarasa. Na san wurin."

"Ka san me?"

"Tun ina yaro. Ina kwance cikin kwalekwale kana zaton barci nake, ni kuwa duwatsu nake kallo."

Tsohon ya matse maɓallin abin maganar har yatsansa ya yi fari. "To don ubanka, me ya hana ka saka tarko, iyalinka na cikin wannan hali?"

Akwatin ya yi ta shuuu.

"Ba ka ba ni ba, Baba."

Fresia ta juya tana goge tiren da ba abin da ya same shi. Eleuterio ya ji kunya, ya ji tausayin yaron, ya kuma ji wata gajiya da ba ta gwiwa ba. Duk tsibiran biyu suna saurare.

"Na ba ka," ya ce. "Naka ne."

Ya saki maɓallin, ya daɗe zaune hannuwansa bisa cinya. Fresia ta tambaye shi ko zai zo jibi, tunda buƙatarsa ta biya.

"Zan zo," ya ce. "Ina kuma zan je?"