Surukata Mai Makullin Famfo

Ranar da na fara wayar gari a gidan mijina, tun kafin rana ta fito na ji ƙarar bokitai a waje da hayaniyar mata kamar ana faɗa. Na dubi maigidan a tsorace. Ya yi dariya, ya ce in kwantar da hankalina, Inna ce ta buɗe ofis.

Ofishin nata famfon unguwa ne. Yana daidai ƙofar gidanmu, a kan wani dandamalin siminti da ya sha ruwa har ya yi santsi. A gefensa akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo da ya rufe abin murɗawa, kuma mahaifiyar mijina ce ke riƙe da makullin. Dattawan unguwa ne suka ba ta shi bayan rasuwar mijinta, saboda ƙofarta ta fi ta kowa kusa, ga shi ba ta komawa barci bayan sallar asuba. Ba a biyan ta ko sisi. Sunanta ma ya ɓace a bakin mutane, yaro da babba Mai-makulli suke ce mata. Mu a gida Inna muke cewa.

Gajeriya ce, mai ƙarfin hannu, muryarta tana kai ƙarshen layi ba tare da ta ɗaga ta ba. Ruwan ba shi da tsayayyen lokaci, don haka takan tsuguna ta kara kunnenta a jikin bututu. Idan ta miƙe ta ce famfo ya yi tari, sai ka ga kowa ta gyara bokitinta. Tsarin layinta ba ya canzawa. Malamar ƙaramin asibitin unguwa ce farko, don ita ba wa kanta take ɗiba ba. Sai masu ciki da tsofaffi, sannan sauran jama'a. Wadda ta yi tsallaken layi, bokitinta zai koma baya, ko da matar mai unguwa ce.

Babbar ƙawarta Uwar Tagwaye ce, wata doguwar mata da ke ɗinki a bayan gidanmu. Kullum sai sun yi cacar baki. Uwar Tagwaye ta ce da makullin gidan gwamna aka ba Inna da ba wanda zai zauna a garin nan. Inna ta ce ai gwamna ba ya da famfo mai biyayya kamar nata. Ana gama ɗiba kuma su zauna a bakin dandamali, su yi ta hira har rana ta kore su.

Ni ina jin nauyinta ƙwarai a farko, ko haɗa ido ba na iya yi da ita. A bakin famfon nan ta cire mini wannan nauyin. Wata safiya ina tsaye can baya da bokitina, ta dube ni na ɗan lokaci, sai ta ce, "Ke, dawo gaba. Daga yau layinki ya canza." Matan suka kwashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. A lokacin ko maigidan ban gaya wa ba.

Ban iya cewa ga ranar da ruwan ya ɗauke ba, domin a hankali ya tafi. Da farko ya rage ƙarfi. Daga baya ya koma zuwa jefi-jefi, ja-ja-ja da tsatsa. Sai kuma aka wayi gari bututun ya daina ko tarin. Aka ce babban bututun da ke kawo mana ruwa ne ya ruɓe a ƙarƙashin titi. Masu tura kura suka cika unguwa da jarkoki, ruwan da ba ka san daga ina aka ɗebo shi ba. Matan da ke haɗuwa kowace safiya suka watse, kowa tana cikin gidanta tana jiran mai kura. Inna ba ta daina fitowa ba. Takan share dandamalin, ta zuba wa kwaɗon ɗan mai don kada ya ci tsatsa, ta ɗan zauna, ta shigo.

Abin ya fi tsanani a asibiti. Malamar ta manna sanarwa a ƙofa cewa duk mai zuwa haihuwa ta taho da ruwanta. Da naƙudar ɗana na biyu ta tashi, maigidan yana wurin aiki. Uwar Tagwaye ce ta riƙe ni, Inna kuma ta ɗora jarka a ka tana biye da mu, da shekarunta da komai. Na waiwaya na ga ruwan yana zuba a kafaɗarta, na ce ta sauke a nemi wani ya ɗauka. Ta ce in kula da gabana, ita ta san abin da take yi. Bayan an sauka lafiya, malamar ta nuna mata kwanon wanke hannu da famfonsa a bushe, ta ce ta rubuta wa na sama har ta gaji.

Wata shekara rediyo ya ce an ware kuɗin gyaran ruwan yankinmu, har da sunan unguwarmu aka ambata. Inna ta sa aka ƙara murya, ta aika a kira Uwar Tagwaye. Ba a daɗe ba aka kafa allo a bakin titi, aka haƙa dogon rami, aka jibge bututai shuɗaye a gefe. Inna ta riƙa aika wa ma'aikatan ruwan sha daga wanda muke saya. Sai wata rana ba su zo ba, washegari ma haka. Damina ta cika ramin da ruwa da shara, sauro ya samu gida. Bututan suka yi ta raguwa ba wanda ya ga mai ɗauka.

Shekara ta zagayo, muna tsakar gida ina wanke-wanke, sai muka ji mai karanta labarai yana jero ayyukan da aka kammala. Aikin ruwan unguwarmu yana ciki. Inna ta tashi, ta yafa mayafi, ta fita. Na leƙa ta zaure na gan ta ta buɗe akwatin, ta murɗa abin har ƙarshe, ta tsuguna ta kara kunne. Ta daɗe a haka. Ashe a ranta ta ɗauka ko ta wata hanyar aka haɗa ruwan ba mu sani ba. Da ta shigo, idonta ya yi ja. Ta ce wa maigidan ya faɗa mata inda ofishin ruwa yake.

Ya yi ƙoƙarin hana ta. Ya ce waɗannan wurare ba a samun komai sai ciwon ƙafa, kuma ita ba takarda take karantawa ba. Ta ce ba karatu za ta je yi ba, tambaya ce.

Ita da Uwar Tagwaye suka fara zirga-zirga. A ofishin ruwa aka ce aikin na ƙaramar hukuma ne. A ƙaramar hukuma aka ce kuɗin daga sama ya zo, su shaida kawai suka yi. Wanda ya kamata su gani kullum yana taro ko ya yi tafiya. Akwai wani dogon benci a barandar ofishin, a kansa suke wuni. Inna takan dawo da ƙafafu a kumbure, ina gasa mata da ruwan ɗumi tana ba ni labari. Ta ce sun saba da masinjan wurin har ya fara ce musu ma'aikata, Uwar Tagwaye kuma ta ce masa to a fara biyan su. Shi ne ma ya raɗa musu cewa za a yi taron da shugabanni za su bayyana wa jama'a yadda aka kashe kuɗin shekara, kuma kowa na iya shiga.

Na raka su ranar. Zauren ya cika, fankoki suna juyawa ba sa kawo iska. Aka yi ta jawabi a kan asibitoci da hanyoyi da ruwa, ana tafi. Da aka ba da damar tambaya, Inna ta ɗaga hannu, ba ta sauke ba har aka miƙo mata abin magana. Ta miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, ni ce nake buɗe famfon unguwarmu. Na ji an ce an kammala mana aiki. Na je na murɗa, ban ga ruwa ba. Ko akwai wani wurin murɗawa da ban sani ba, a zo a nuna mini. In kuma ba a gama ba, a faɗa mana ba a gama ba, mu san jira muke yi."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tafi. Shugaban taron ya ce ya gode wa baba, za a duba. Na ɗauka shi ke nan. Amma muna fita wata mata mai tabarau daga cikin masu binciken kuɗin gwamnati ta tare mu, ta tambayi kwatancen unguwar. Bayan 'yan makonni sai ga ta da wasu mutane, suka bi ramin daga farko har ƙarshe suna ɗaukar hoto. Abin da ya biyo baya a ofisoshi ba mu gani ba. Mun dai ji an kira ɗan kwangilar da aka ba aikin, an ce sai ya dawo ya ƙarasa, an kuma sauya wa wani jami'i wurin aiki. Ko an hukunta wani, ba wanda ya gaya mana.

Ruwa ya dawo, amma ba inda ya bari ba. Sabon bututun ya bi ta sabon titi, aka ja reshe zuwa asibiti, aka gina rumfar famfo can kusa da kasuwa, da ma'aikaci a cikin ɗan keji yana karɓar katin biyan kuɗin ruwa. Tsohon famfonmu aka ce ba ya cikin zanen aikin. Ranar da malamar asibiti ta aiko a gaya wa Inna cewa ta wanke hannu a famfo, Inna ta yi hamdala har da hawaye. Ta je sabuwar rumfar sau ɗaya don ta gani. Da ta dawo na tambaye ta yaya wurin. Ta ce ruwan yana da ƙarfi, mai kyau ne, sai dai ta ga mai tsohon ciki tsaye a bayan ƙarti, kuma ba wanda ya ce wa kowa ina kwana.

Ba a jima ba aka yi wa maigidan canjin wurin aiki zuwa wani gari. Muka tafi da ita, don gwiwoyinta sun fara ba ta wahala. Gidan bene ne, famfo a kicin, famfo a banɗaki. Jikokinta suna murna, ita kuwa sai ta zauna a bakin taga tun da sassafe tana kallon titi, inda ba wanda ta sani. Maƙwabtanmu mutanen kirki ne, amma kowa ƙofarsa a rufe. Abincinta ya ragu. Abin da ke sa ta walwala kawai shi ne wayar Uwar Tagwaye. A wayar sai ta bi gidajen tsohon layinmu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, wa ya haihu, wa ya tashi, ƙafar tsohon mai gadi ta warke kuwa. Idan an gama wayar, ta koma bakin tagar har azahar.

Wata safiya wayar ta zo, amma muryar ɗaya daga cikin tagwayen ce. Uwarsu ta rasu bayan gajeriyar jinya. Muka kai Inna gaisuwa. Ina ganin yadda matan unguwa suka kewaye ta, wannan ta riƙe mata hannu, wannan ta turo mata jaririnta ta gani, na san da wuya mu koma da ita. Da maigidan ya ce ta shirya, sai ta ce ita ta zauna ke nan. Ƙanwar mijinta tana cikin tsohon gidan, za su zauna tare. Ya kawo maganar gwiwa, ya kawo maganar nisan rumfar ruwa, ya ce can ko tashi ba sai ta yi ba.

"Na sani, ɗana," ta ce. "Ba abin da kuka rage ni da shi, kai da matarka. Amma ƙawata ta yi jinya ta tafi ina can ina kallon motoci. Ba zan so a sake yi mini haka ba."

Maigidan ya haƙura. Ya yi magana da wani mai kura ya riƙa kai musu ruwa daga rumfar, muka kamo hanya. A mota yaran suka yi ta tambayar yaushe kaka za ta biyo mu.

Yanzu ni ce mai jiran waya. Takan kira bayan ta karya, ta tambayi yaran, ta yi mini faɗa idan ta ji muryata da mura. An sa ta cikin kwamitin unguwa, kuma a 'yan kwanakin nan maganar rufin ɗakin haihuwa suke bi, wanda ke yoyo duk damina. Na ce mata ta riƙa hutawa, ta ce za ta huta idan an rufa. Ɗakinta a nan 'yata ta fari ce ke kwana a ciki, ta hana a matsar da kujerar bakin tagar. Maigidan ya nemi hutu a wurin aiki, sun ce sai bayan damina. Na riga na sayo mata man zafi na gwiwa da silifa mai taushi, na ajiye a saman kwaba.