Buhunan Wake a Ɗakin Inna

A gidanmu, a Jajaye, buhunan wake a ɗakin Inna suke kwana, saboda ɓarayi. Shekarar da na gama sakandare, wani Alhaji mai shagon maganin gona a kasuwar Rogo ya fito takarar kansila, ya raba wa manoma ƙwayar ajiyar hatsi kyauta. A naɗe ta a tsumma, a cusa cikin buhu, ƙwaro ba zai taɓa waken ba. Baba ya cusa a kowane buhu. Ɗakin ya ɗauki wari kamar na tafarnuwa.

Inna ta fara ciwon kai, sai amai, sai numfashi da ƙyar. Ba ita kaɗai ba ce a unguwar. Na ɗora ta a acaɓa zuwa asibiti. Malamin asibitin ya tambaye ni inda take kwana, na gaya masa. Ya ce, "Ƙanwata, ƙwayar nan iskar guba take fitarwa. Ku fitar da buhunan yau ɗin nan."

Haka ya gaya wa kowa, maganar ta kai kasuwa, aka fara zagin Alhaji. Ba a jima ba aka yi wa malamin canjin wurin aiki. Sai ga saƙon murya yana yawo a wayoyi: wani wai likita ne, yana Hausa yana jefa Turanci, ya ce an auna ruwan famfon tuƙa-tuƙa da 'yan ɗaya jam'iyyar suka haƙa mana, an samu guba. Ran kasuwa aka hau da shi mota cikin farar riga, da lasifika, Alhaji na gefensa. Washegari matasa suka ɗaure famfon da sarƙa. Muka koma ɗibar ruwan rafi.

Na ce, "Baba, wallahi waken nan ne."

Ya ce, "Likita guda ya yi magana, ke da sakandarenki za ki ƙaryata shi?"

"Wane asibiti yake aiki? Wa ya san shi?"

"Ke dai bakinki ya fi ki girma. In fitar da abincin shekara waje, uban wa zai yi gadi?"

Na ja buhunan zuwa zaure da kaina. Kafin la'asar ya mayar da su. Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Bari, kar ki ja wa kanki baki."

Ban bari ba. Na kira Kawu, wan Inna, da ke Kurugu, ya zo ya tafi da ita. A can ta warware, har tana daka. Na yi murna, na ɗauka yanzu kowa zai gane. Baba ya je dubiya, ya dawo yana fara'a.

"Kin gani? Ruwan Kurugu mai kyau ne. Ashe likitan nan ya yi gaskiya."

Na shiga kicin na yi ta kuka don haushi.

Alhaji ya ci zaɓe. Da kaka ta zagayo ya sake rabo, har da ƙari. Baba ya ce tunda an rufe famfo ba sauran abin tsoro, ya aika a dawo da matarsa. Na roƙi Kawu ya riƙe ta, ya ce ba shi da ikon hana mace ɗakinta. Na roƙi Inna ta dawo ɗakina, ta ce ba za ta bar abincin gida ba kowa a kansa ba.

Ba ta ga damina ba. A zaman makoki mata suna ta cewa ruwan da ta sha tun bara ne bai sake ta ba. Allah ya jiƙan Inna.