Komin da bai yarda da rufin ƙasa ba

Tahiru ɗan unguwar Birni ne, a gidan ƙasa aka haife shi. Da ya gama makarantar lakwal ya sami aikin komi, wato akawu, a wani kamfanin fatu da ƙiraga da ke unguwar Zango, ya zauna ƙarƙashin kwano da fanka yana buga takardu, ya ɗauka shi da laka sun rabu ke nan.

Sai fari ya zo. A 1984 shanu suka yi ta faɗuwa, fata ta yi yawa, kamfani ya bunƙasa har ya tashi gina sabon biro, wato ofis. Darakta ya tara ma'aikata ya nuna musu zane: bango mai kauri na tubali, tagogi ƙanana ta inda iska ke shigowa, rufi kuma tuluwa, wato ƙubba ta tubali, babu azara ko ɗaya. Ya ce giginya ta ƙare a daji, lantarki ba shi da tabbas, wannan gini da kansa zai riƙa sanyaya mutane.

A ransa Tahiru ya ce, ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin da ya yi ƙiba da mushe, me zai sa ya ji tausayin giginya? Ya kuma lura darakta bai rushe gidansa na siminti ba.

Maginin da aka ba aikin shi ne Inusa, taubashinsa. Kullum bayan la'asar sai Tahiru ya biya ya tsaya yana kallon tubali na hawa kan tubali a karkace, ba abin da ya tallafe su.

"Kai bawana, me ke riƙe da wannan abu?"

"Tsoron Allah, ranka ya daɗe. Abin da ba ka da shi."

"Tambayarka nake, Inusa."

"Junansu suke riƙe. In ya faɗo ma, kan komi ya fi tubali tauri."

Ranar buɗewa Inusa ya hau da leburorinsa duka kan tuluwa, suka yi ta tsalle, jama'a na tafi. Tahiru ya ce mutum ba ruwa ba ne. A Birni ba a yabon rufi sai ya ga damina, kuma magini na ƙwarai yakan zo ranar ruwan farko ya tsaya ƙarƙashin aikinsa. Ya sa Inusa ya yi masa alkawarin zuwa.

Da aka tare a sabon biro, Tahiru ya ja teburinsa ya kai bakin ƙofa. Ciki da sanyi kamar randa, shi kuma yana zufa a zafin bazara. Darakta ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce ko ya koma tsakiyar ɗaki inda aka tsara masa, ko ya ba da wuri. A lokacin dangin matarsa Barira sun baro ƙauyensu Dakusa sun cika masa gida, kowa na kallon tukunya ɗaya. Tahiru ya mai da tebur tsakiya. Yana buga takarda, ido ɗaya na sama.

Bayan haka ya ji Inusa ya tafi Kano cin rani. Barira ta ce, "Malam, rabin gari ya tafi, yunwa ce." Ya ce, "Rabin gari bai gina mini rufi a ka ba." Ko da aka fita roƙon ruwa ya bi sahu, amma ya gaya wa wani abokinsa amin ɗin da ya ce ba ta fita da ƙarfi ba, ya kuma nemi gafarar Allah.

Damina ta gaba, wata ranar aiki da hantsi, hadari ya haɗo daga gabas. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ma'aikata suka fice waje suna kabbara, har darakta. Inusa bai zo ba. Tahiru ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. In ya fita, kowa ya san ba murna ce ta fitar da shi ba. Ya dawo ya zauna, ya ɗora hannuwa kan mashin ɗin buga takardu, bai buga ko harafi ba har aka ɗauke.

Rufi bai motsa ba. Amma a kusurwar arewa ya hango danshi kamar tafin hannu. Ya kira darakta ya nuna masa. Fuskar Tahiru a sake take, abin da aka daɗe ba a gani ba. Aka kawo wani magini ya yaɓe wurin.

A biron ya ci gaba da aiki har ya tsufa ya ajiye. In baƙo ya yaba sanyin ginin, sai Tahiru ya ce lallai akwai sanyi, sannan ya kai shi kusurwar arewa.