Ranar da Baba ya amsa wa kwamiti

Shekarun baya, bayan ɓarin jikin mahaifina ya shanye, an sa shi cikin masu karɓar alawus ɗin nakasassu a nan Sakkwato. Da shi muke sayen maganin hawan jininsa. Ranar tantancewa sai Baba ya zuba babbar riga ta rufe hannun da ya shanye, ya bar sandarsa cikin keke. Aka ce yaya jiki, ya ce lafiya lau, alhamdulillahi. Suka cire sunansa.

Na yi ta zirga-zirga daga Arkilla zuwa ofishinsu, har aka ba mu ranar da kwamiti zai saurari ƙorafinmu. Ni da nake ji da bokona, na ce sai mun yi gwaji a gida. Na ɗauko kujera na zauna a zaure, wai ni ne shugaban kwamiti.

"Malam, yaya jikin?"

"Da sauƙi."

"Haba Baba, da sauƙin nan ne fa ya jawo mana."

Ya ce, "To mi kaka so in ce? Ni ban kai ƙarar Allah wurin mutane."

Kullum haka muke ƙarewa, raina a ɓace. Mahaifiyata da ke jin mu daga tsakar gida ta ce, "Kai ma ba ka iya tambaya ba. Ubanka bai ƙarya kan sha'anin sallah. Ka roƙe su su tambaye shi alwala."

Ranar zaman, na roƙi dattijon da ke shugabanta, ya yarda. Ya ce, "Malam, yaya kake alwala?"

Baba ya ce, "Matata ka yi min. Ita ka wanke min hannu da ƙafa, kowace sallah, tun da abin ga ya same ni."

Gida ɗaya muke kwana, amma wallahi ban sani ba. Kullum sai dai in ga ya fito ɗaki fuska a jiƙe, in kama shi mu tafi masallaci.

An mayar da sunansa, magani bai sake yankewa ba. Amma har yau in na tuna, ba daɗi nake ji ba. Abin da suka rufa wa juna, ko ni ɗansu ban gani ba, ni na sa ya faɗe shi gaban baƙi. Ran nan a keke muna komawa gida, abu ɗaya ya ce min: "Kar ka gaya mata na hwaɗi."