Ɗakin Auta

Mai Keke ake ce mata a unguwa, domin tun tana amarya ƙarar keken ɗinkinta ke sanar da maƙwabta gari ya waye. Gidan hayarsu ciki da falo ne, sai wani ɗan ɗaki a gefe da ta mayar wurin ɗinki. Da keken nan ta yi ɗawainiyar manyan 'ya'yanta har suka kama gabansu. Gida ya rage daga ita sai mijinta bakanike, sai Auta, wadda tun tana firamare a falo take kwana.

Ba ta ankara yarinyar ta zama budurwa ba sai wata safiya da maigidan ya faɗo falo neman makullin gareji, ya tarar Auta tana sa kayan makaranta. Yarinyar ta finciko labulen taga ta naɗe jikinta, har ƙarfen labulen ya biyo ta. Uban ya juya a guje ya gwara goshi da ƙofa. Mai Keke ta yi dariya har da hawaye, amma da ta hau keke sai abin ya tsaya mata a rai. Ta tuna kwanan nan ko waya ƙawar Auta ta kira, sai yarinyar ta fita bakin famfo take amsawa.

Da maigidan ya dawo cin abincin rana ta ce, "Baban Auta, baranda zan koma da keke. Ɗakin can a bar wa yarinya."

Ya shafa ƙulun goshinsa. "Ke da ko almakashinki ba a taɓawa?"

"Ka dai nemo sakata mai kyau."

Ranar hutu suka kwashe buhunan ƙyalle. Uban ya kafa sakata, uwar ta haɗa zanin gado daga ragowar yadi kala-kala, Auta kuwa ta share ɗakin ta goge, bakinta ya ƙi rufuwa. Dokarta ɗaya ce: a ƙwanƙwasa. Uban ya riƙe dokar fiye da kowa. Sai ya tsaya bakin ƙofa ya gyara murya ya ce, "Ranki ya daɗe, ko za a ara wa talaka caja?"

Baranda ta karɓi Mai Keke, ko da yake in hadari ya haɗo sai ta yi ta tseren kwashe kayan mutane. Masu wucewa suna ganin aikinta, ɗinki ya ƙaru. Auta kuma in ta dawo makaranta takan ɗan rufe ƙofa ta huta, sannan ta fito ta zauna gefen keke tana sa maɓalli, tana zuba wa uwar labaran da a da sai an yi da gaske ake jin su.

Falo kuwa ya dawo hannun masu shi. Da yamma maigidan yakan miƙe a doguwar kujera, ita tana gefensa tana yanke masa farce, suna hira kamar sababbin aure. Ran nan Auta ta fito ɗaukar ruwa ta gan su haka, sai ta koma da baya ta ƙwanƙwasa ƙofar falon.