Sojan Haya a Ragar Jami'a

Wautata ba ɓoyayya ba ce, duk Challawa an san ta. Ni da ko firamare ban gama ba, na taɓa aske gemuna tas, na rataya katin ɗalibi a wuya, na hau motar jami'a ina hura hanci kamar gobe za a ba ni digiri.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin jima, ɓangaren da ake tsoma fata a ruwan magani. Ruwan nan cin hannu yake, ya tsattsaga tafi, ya mai da farce shuɗi. Warinsa kuwa, ko ka ƙarar da sabulu sai ya raka ka har sahun masallaci. Ban da wannan wari, abin da na mallaka a duniya shi ne kamun ƙwallo. Duk Lahadi ma'aikatan Challawa da na Sharada da na Bompai mukan kara a wani fili bayan kamfanoni, ni ne gola. Ba yabon kai ba, hannun da ya saba cafkar jiƙaƙƙiyar fatar shanu, ƙwallo ba ta kufce masa.

Wata Lahadi bayan an tashi, wani mutum mai usur a wuya ya ja ni gefe. Ya ce shi ne kocin wata jami'a, za su tafi gasar jami'o'i a wata jiha, ga shi golansu ya karye.

Na ce, "Yallaɓai, ni fa ko sunana da kyar nake haɗa shi."

Ya ce, "Wa ya ce ka rubuta wani abu? Raga za ka tsare. In muka dawo da kofi, ni zan sa a ɗauke ka aiki a sashen wasanni. Ka share fili, ka hura ƙwallo, ga fansho."

Fansho! Kalmar nan ita ta kashe ni. Mu a kamfani ba a tsufa da mu, tari ne yake sallamar mutum. Na je wajen fomanmu neman hutu, ko kallona bai yi ba. Ya nuna bakin get da haɓa, inda 'yan Jigawa da 'yan Nijar ke tsugune kullum suna jiran gurbi. Ya ce in na tafi kada in dawo. Na ce a zuci, wa zai dawo? Matata da ta ga haɓata sumul sai ta kama haɓarta, ta ce, "Malam, ɗalibtar ce ta cinye gemun?" Na ce ta bari in dawo, har ita sai ta koyi Turanci.

A mota an cakuɗa mu: 'yan ƙwallon ƙafa, da dogayen nan 'yan ƙwallon kwando da ba su san inda za su ajiye gwiwoyinsu ba, da 'yan mata 'yan ƙwallon raga a kujerun gaba. Suna ta Turanci, ni kuwa in an yi dariya in yi. Kyaftin, wani yaro ɗan gayu, shi aka sa ya horar da ni. Ya koya mini sunan sashen da wai nake karatu, na yi ta bitarsa kamar hadda. Ya ce kada in cire safar hannu a gaban mutane, in ci abinci da cokali, in rage magana. Komai ya koya mini, ban da gaisuwa.

Muka yi ta cin wasa. Wata rana har bugun daga kai sai mai tsaron gida na kaɗe, ɗalibai suka ɗaga ni sama suna ihu. Ba wanda ya toshe hanci ranar. Na fara tunanin irin kakin da zan ɗinka in na zama ma'aikacin jami'a.

Ranar wasan ƙarshe aka jera mu a tsakiyar fili, wai babban baƙo zai sauko ya gaisa da 'yan wasa. Dattijo ne mai furfura, da babbar riga, ga 'yan sanda a bayansa. Yana tafe yana ba yaran nan hannu, su kuwa suna tsaye ƙiƙam, suna girgiza hannunsa kamar sa'ansu. Da ya iso kaina, wallahi ban san lokacin da gwiwoyina suka lanƙwashe ba. Tun ina yaro ba a koya mini in tsaya a kan dattijo ba, kuma a kamfani ko motar manaja ce ta wuce sai mun rusuna. Na tsuguna har ƙasa, na zare safar, don ina na taɓa ganin an gai da babba da hannu a rufe? Na miƙa hannu bibbiyu, na ce, "Ranka ya daɗe, an zo lafiya? Ya iyali?"

Dattijon ya ji daɗi, har ya sa mini albarka. Amma kocin ɗaya jami'ar yana nan tsaye, ya ga tsugunon, ya ga faratan. Kafin a busa usur ya kai ƙara. Aka kai ni wani ɗaki, aka tambaye ni sashena, na zuba haddata daidai. Aka ce to wane darasi na fi so? Na dubi rufin ɗaki, rufin ɗaki ya dube ni. Ba a buga wasan ba, aka miƙa wa waɗancan kofi. A hanyar dawowa ni kaɗai ne a kujerar baya, har dogayen sun sami wurin miƙe ƙafa a wani wajen.

Na koma kamfani, na tarar wani ɗan Nijar yana sanye da takalmina na roba. Foman bai ma yi mini faɗa ba. Daga nan na shiga dako a Sharada, shekara da shekaru, har baya ya ƙi, yanzu gadi nake a wani kamfanin roba. Gemun dai ya dawo, shi kaɗai ne ya dawo.

Amma kafin in haƙura sai da na je jami'ar, don har lokacin ban gama wautar ba. Na yi ta zarya, mai gadi yana cewa koci ba ya nan. Ranar da na dace, na same shi a bakin fili yana kallon 'yan mata suna atisayen ƙwallon raga. Na gaishe shi, na ce an kore ni daga aiki, matata ga tsohon ciki, ko maganar sharar filin nan tana nan?

Ya busa usur, ya yi wa wata yarinya tsawa a kan yadda take buga ƙwallo, sannan ya waiwayo ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Kai aikin jima ka rasa, ko gobe ka zagaya Challawa za ka samu wani. Mu fa kofi muka rasa."