Rakiyar da Na Hana Alhaji Isuhu

Ranar Talata bayan la'asar ina zaune a zaurena a unguwar Sheshe cikin birnin Kano, wani direban motar Maradi ya yi sallama, ya ƙi zama. Ya ce, "Baba, sai haƙuri. Alhaji Isuhu ya rasu tun Juma'a." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana huɗu, sai a bakin direba zan ji. Na ji haushin 'ya'yansa. Daga baya na ce wataƙila sun san abin da na yi wa ubansu.

Ni fatoma ne, gadon ubana. Falke ya sauka a zaurena, in ba shi tabarma da tuwo, in nemo masa mai saye. Alhaji Isuhu, mutumin Maradi, ya fara sauka wurina da fatun awaki tun gemunsa baƙi ƙirin. Bai taɓa shigo mini hannu rabbana ba, ko dabino ko cuku. Da asuba shi yake share zauren, in na hana ya ce, "Baƙon da bai san inda tsintsiya take ba, bai sauka ba tukuna." In fata tana da huda, shi zai fara nuna wa mai saye, ni kuwa ina harararsa.

Maganar jirgin ƙasan da za a ja daga Kano zuwa Maradi ita ta shiga tsakaninmu. Kowa da inda ke masa ƙaiƙayi. Baƙina na Katsina suna murna zai bi ta ƙofarsu, na Damagaram suna ƙorafi an tsallake su. Alhaji Isuhu kuwa kamar an yi masa albishir da Makka. Yakan ce, "Malam, kai ba ka san hanya ba. Ba ka taɓa kwana bakin iyaka ba, hwata na wari cikin mota, kowane shinge ka buɗe aljihu." Ni kuma na ce jirgin da zai kawo baƙo da hantsi ya mayar da shi da la'asar, wa zai bar wa zaure? Masu manyan sito a bayan gari su za su ci. Babu wanda ya shigo cikin badala ya tambaye mu. Har gobe a nan na tsaya.

Zuwansa na ƙarshe, gaban mutane ya ce, "Shekara nawa ina cin tuwonka, ba ka san ƙohwar gidana ba. Ran da jirgi ya tashi, ni ka biya maka." Na ce, "Ƙafata ba za ta taka shi ba. Ku ke zuwa Kano, Kano ba ta zuwa wurin kowa." Sai ya jawo carbinsa.

Al'adarmu, in zai tafi nakan riƙe masa buta in raka shi har Ƙofar Mazugal. A nan mu tsaya, ya ce mu yafi juna, in ce Allah ya yafe mana. Ba mu taɓa fashi ba. Wannan safiyar na ƙi fitowa, na aika a ce ina zazzaɓi. Ina jinsa a zaure yana gyaran murya. Ya yi sallama sau biyu. Sannan na ji takunsa yana nisa.

Bayan nan aka rufe iyaka, da aka buɗe kuma ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Yakan aiko da gaisuwa, in ce ina amsawa, shi ke nan. Ina jiran ya zo da kansa ne, kamar kullum.

Yanzu zauren babu kowa. Jirgin bai zo ba tukuna, amma tabarmin suna naɗe. Na tambayi limaminmu yadda ake neman yafiyar wanda ya riga ya tafi. Ya ce in yawaita masa addu'a, in kuma sadar da zumunci ga iyalansa. Na gaya wa direban ya ajiye mini kujera ranar Alhamis.

Allah ya jiƙan Alhaji Isuhu, ya haskaka makwancinsa, ya sa haƙurin da ya yi da ni ya zame masa nauyi a mizani. Allah ya ba iyalansa dangana, ya raya abin da ya bari. Ku kuma 'ya'yansa, in na iso kada kowa ya tarye ni a tasha. Zan tambayi hanya da bakina.